Garma a Baya Take Bi

Wanda ya taɓa riƙe garma a bayan shanun huɗa ya san abin da mai kallo daga bakin hanya bai sani ba: inda shanu suke daban, inda bakin garma yake daban. Shanu na gaba, sarƙa na tsakiya, ƙarfen da ke tsaga ƙasa yana can baya yana bin sawu. Muddin kunya miƙaƙƙiya ce, wannan tazara ba ta damun kowa. Sai an zo ƙarshen gona, wurin juyawa, ake gane gwani. In mai kora ya karkata shanun da zarar ƙafarsu ta taɓa iyaka, garma ba ta iso ba tukuna, sai ta yanke hanya ta sha kwana, a bar kusurwar gona babu huɗa. In kuma ya bar su suka zarce fiye da kima, garma ta faɗa gonar maƙwabci, gobe a ji su gaban mai unguwa.

Akwai wani inji da bai taɓa ganin gona ba, amma ciwonsa da na garma ɗaya ne: injin da ke yanka haruffa a jikin roba domin a rubuta suna a kan dutse. A Amurka da ƙasashen Turai, inda aka saba kafa wa mamaci dutse mai ɗauke da sunansa da shekarar haihuwa da ta rasuwa, wannan babbar sana'a ce. Garin Barre na jihar Vermont da Elberton na jihar Jojiya da dutsen giranayit suke ci, da shi suke sha. Dutsen da gwamnatin Amurka ke kafa wa tsohon soja tsawonsa inci 42 ne, faɗi inci 13, kauri inci 4, kuma a maƙabartar Arlington kaɗai an binne mutum fiye da 400,000. Mu a ƙasar Hausa ba mu saba sassaƙa wa kabari dutse ba, amma mun san baƙin allon nan mai sheƙi da ake mannawa a bangon sabuwar makaranta ko masallaci ko asibiti, a lulluɓe shi da ƙyalle har sai gwamna ya zo ya yaye. Wasu daga cikin irin waɗannan alluna ta wannan hanya ake rubuta su. Injin kuwa wan wanda ke yanka sitikar A Daidaita Sahu ne da ta ƙofar shago, sai dai ya fi shi ƙarfin hannu.

Yawancin wannan rubutu ba da guduma da cizal ake yin sa ba. Tun a 1870 wani mutumin Filadelfiya, Benjamin Tilghman, ya yi rajistar dabarar fesa yashi da ƙarfi a kan abu mai tauri. Sirrin dabarar shi ne yashi yana cin dutse, amma in ya bugi abu mai laushi sai ya yi tsalle ya koma. Saboda haka ake samun roba mai gam a baya, inji ya yanka haruffa a jikinta, a shimfiɗa ta a fuskar dutsen da aka goge, a tsince haruffan ɗaya bayan ɗaya, sannan a fesa. Inda roba ta rufe, dutse na nan da sheƙinsa. Inda aka tsince, sai ya zurma. Yanzu masu lura da lafiyarsu sun bar yashin rafi sun koma garin aluminiyam oksayid, domin ƙurar yashi tana sandarar da huhu, kuma mutanen Barre sun binne magabatansu da yawa saboda ƙurar dutse kafin a ɗauki abin da gaske. Feshi dai ba ya gyara komai. Abin da wuƙa ta yi a roba, shi zai kwafa a dutse, ya ƙara masa zurfi.

Da can da hannu ake yanka robar, da 'yar wuƙa da haƙuri. Daga farkon shekarun 1980 kamfanin Gerber na jihar Connecticut ya kawo injin da kwamfuta ke sarrafawa, daga baya Roland da Graphtec na Japan, da Summa na Beljiyam, da Allen Datagraph na New Hampshire suka cika kasuwa. Tafiyarsu duka iri biyu ce. Kan da ke ɗauke da wuƙa yana zirga-zirga dama da hagu a kan dogo, bel na jan sa. Roba kuma rola ce ke tura ta gaba ta dawo da ita baya. Wato a nan, saɓanin gona, ƙasar ma tafiya take yi a ƙarƙashin garma. Daga haɗuwar tafiyar nan biyu ake samun kowane lanƙwasa na kowane harafi.

Wuƙar kanta ba ta kai tsinken ashana tsawo ba, kuma a yawancin injuna babu abin da ke juya ta. Tana zaune cikin mariƙinta a kan ƙaramin boris, tana juyawa yadda ta ga dama, kuma tsininta ba a tsakiya yake ba, an ɗan ja shi baya. Don haka duk inda kan inji ya nufa, tsini sai ya waiwaya ya bi shi. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar wuƙa da tsininta ita ce sarƙar wannan garma. A wuƙar sitika ta yau da kullum, mai kaifin digiri 45, tazarar kan zama milimita 0.25. A wasu wuƙaƙen da aka yi don roba mai kauri takan kai 0.5, wasu har milimita guda. Inji ba shi da ido, bai san wace wuƙa aka sa masa ba. Lambar da aka rubuta masa ita yake aiki da ita: in ya zo kusurwa sai ya wuce ta daidai wannan tazara, ya ɗan yi kewaye a kan tsinin har wuƙa ta fuskanci sabuwar hanya, sannan ya ci gaba.

To, a duba kusurwar harafin E ko T ko L. In ta fito a dunƙule, babu kaifi, an gaya wa inji sarƙar ta fi yadda take gajarta, ya juya da wuri. In kuma kowace kusurwa ta fito da ɗan tsiro mai leƙowa waje, an gaya masa ta fi yadda take tsawo, ya shiga gonar maƙwabci. Maganin duka biyu lamba ɗaya ce, a ƙara ko a rage kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Abin da ya fi jawo wannan shi ne a cire wuƙar sitika a sa ta roba a manta ba a canja lambar ba. Akwai kuma wanda ya fi wannan ban haushi: wasu injuna a jikinsu ake saita tazarar, wasu kuma a cikin manhajar kwamfuta, sai mutum ya saita a wuri biyu, inji ya biya bashin sau biyu. Rubu'in milimita ba komai ba ne a harafin da ya kai tafin hannu. Amma a layin ƙasa na allo, inda ake matse sunan ɗan kwangila da kwanan wata cikin haruffan da ba su wuce santimita guda ba, shi ne bambancin rubutu da jagwalgwalo. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, da ɗigon haruffan Larabci a allon masallaci, su ne ke fara shan wahala, don a cikinsu wuƙa ba ta gama juyawa ɗaya ba ake neman ta yi wani.

A ganina, kafin a taɓa ko da lamba ɗaya, wuƙar za a fara cirowa a duba. A kowane shago akwai wannan hira:

"Maigida, kwamfutar nan ta fara hauka, duba yadda take cinye haruffa."

"Yaushe ka canja wuƙa?"

"Ai ba ta daɗe ba."

"Ciro ta mu gani."

Ƙarfen wuƙar yana da tauri ƙwarai, amma taurin nan ne ke sa shi ɓantarewa. Tsinin kan ɓalle ɗan mitsitsi, ido ba ya gani sai da gilashin ƙara girma, kuma da ya ɓalle tazarar da aka saita ta tashi daga aiki, domin tsinin ya matsa. Robar dutse kuma tana cin wuƙa fiye da sitika nesa ba kusa ba. Sitikar talla kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Robar feshi tana kusan milimita guda. Garmar da aka yi don jigawa ce aka kai ta fadama.

Yaro in ya ga wuƙa ba ta huda roba, abin da hankalinsa ke ba shi shi ne ya murɗa mariƙi ya ƙara fito da ita. Manomi ma yakan yi haka in bakin garma ya dakushe: maimakon ya kai wa maƙeri, sai ya ƙara mata zurfi ya hau ta da ƙarfi. Sakamakon kowa ya san shi. Shanu na nishi, garma na tirjewa tana fizga, kunya ta fito a karkace kamar ba mutum ɗaya ya yi ta ba. Haka wuƙa in ta fito da yawa. Tana huda roba ta nutse cikin takarda ko ledar da ke bayanta, kuma tsinin da ya nutse ba ya iya juyawa. Sai layin da ya kamata ya miƙe ya fara da ɗan lanƙwasa, da'ira ta fito da gefe-gefe, wani lokaci ma inji ya ture robar gaba ɗaya daga mazauninta. Gwajin da ya dace ba ya bukatar wuta. A cire mariƙin, a riƙe shi a tsaye da hannu, a danna shi kan guntun roba a ja da'ira. In da'irar ta ɓare sumul, bayan kuma aka ga ɗan sawu kawai wanda farce ke ji da ƙyar, tsawon ya yi. In bayan ya tsage, a mayar da ita ciki. Daga nan ne ake zuwa ga nauyin dannawa, wanda ake aunawa da giram: sitika kusan giram 100 ya ishe ta, roba tana neman ninkin haka, kuma manyan injuna sukan kai giram 600. Tsawon wuƙa shi ke yanke zurfi, nauyi aikinsa kawai ya kai ta can. Wanda ya gauraya biyun nan zai yini yana murɗe-murɗe.

A ƙarƙashin hanyar wuƙa akwai wata siririyar shimfiɗa mai santsi da ke tare ta. Duk ranar da aka yi yanka da doguwar wuƙa, wannan shimfiɗa ce ke karɓar sara, har ta yi kwari. Daga nan sai a ga abin mamaki: haruffan gefen hagu suna tsintuwa lafiya, na wani wuri guda a tsakiya kullum a manne. A shafa ta da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, za a ji ramin. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Mariƙin wuƙa shi ne wanda ake mantawa da shi, don ba ya ƙara ba ya hayaƙi. Gam ɗin roba da ɓurɓushinta suna hawa su shiga boris, su daskare. A taɓa wuƙar da ɗan yatsa a hankali: ya kamata ta juya ba tare da ko ɗan turjiya ba. In tana juyawa tana tsayawa, to ga dalilin da ya sa farkon harafin O da ƙarshensa ba sa haɗuwa, aka bar ɗan zare na roba yana riƙe da shi. Wannan zare ƙarami ne, amma in mai tsince haruffa ya ja shi da gaggawa, yakan taho da tsibirin da ke cikin harafin, wato ɗan guntun da ya kamata ya zauna ya kare cikin O ko A ko D. In ba a lura ba aka fesa, sai a sami rami a inda ake neman harafi. A wanke mariƙin, a ɗiga masa mai mara kauri ɗigo guda, in bai saki ba a sayi sabo. Injuna da yawa suna da saitin da ke sa wuƙa ta ɗan wuce inda ta faro don yankan ya rufe; yana da amfani a roba mai kauri, amma bai kamata a mai da shi mayafin rufe dattin mariƙi ba.

Duk wannan a wajen garma ne. Sauran matsalar a wajen shanu take.

Manomin da ya haɗa ƙaton sa da ramamme a karkiya ɗaya ya san kunyarsa ba za ta miƙe ba. Mai ƙarfin yana gaba, raunannen yana baya, tafiya sai ta dinga karkata zuwa ɓangaren raunannen, kuma ba a gani a taki goma na farko, sai an kai tsakiyar gona an waiwaya. Injin yanka yana da 'yan tayoyin roba a sama masu danne abin yanka a kan rola mai kaushi da ke ƙasa. In sifirin na taya ɗaya ya saki, ko tayar ta sauka a inda rola ba ta da kaushi, ko gam ya cike kaushin gefe guda, to gefe ɗaya na ja, ɗaya na santsi. Ƙananan haruffa za su fito lafiya ƙalau, shi ya sa ake ruɗewa. Sai an zo layin da ya kewaye rubutun duka, wanda ke sa roba ta yi tafiyar mita guda ko fiye ta dawo, a ga bakin layi bai koma inda ya tashi ba. Ko kuma layin rubutu na farko da na ƙarshe su ƙi daidaita, ɗaya ya ɗan sunkuya.

Naɗin robar feshi yana da nauyi, kuma wannan ma wani kaya ne da ake ɗora wa shanun ba a sani ba. In inji ne zai fizgo roba daga jikin naɗi a tsakiyar yanka, kowace fizga tana cin ɗan wani abu daga tsawon aikin. Masu gwaninta sukan warware abin da aikin zai ci tun farko, su bar shi ya sauka a sake, sannan su sa inji ya tura robar har ƙarshe ya dawo da ita ba tare da yanka ba. Wannan zagayen banza yana yin aiki biyu: yana nuna ko an ɗora robar a karkace, kuma kaushin rola yana buga mata sawun da za ta bi in an fara yankan gaske. Sai a rage gudu. Mai gaggawa ba ya son jin wannan, amma roba mai kauri ba a yi mata gudun sitika. Wani ƙaramin abu kuma: a ɗaga hannun da ke sauke tayoyin in an tashi aiki. Tayar da ta kwana a danne wata da watanni takan yi gefe, daga nan kuskure ya dinga dawowa a tazara ɗaya, daidai kewayen tayar, kamar an auna.

Saboda wannan santsi ne masu aikin dutse da yawa a Amurka suka fi son injin da ke jan roba mai huji-huji a gefe, haƙoran inji na shiga hujin. Irin wannan ba ya zamewa. Amma shi ma yana da nasa: in nauyi ya yi yawa hujin yakan yage ko ya yi tsawo, kuma dole a sayi robar da aka huda daidai da faɗin injin.

Akwai kuma sakin sarƙa. Shanu sun juya sun fara tafiya, garma na tsaye tana jiran sarƙa ta miƙe. A inji wannan shi ne bel da ya saki, ko ɗan sukurun da ke riƙe fuli a jikin sandar mota ya kwance. Motar ta juya, kan wuƙa bai motsa ba sai bayan ɗan lokaci. Alamarsa a da'ira take fitowa: a daidai wuraren da tafiya ke sauya fuska, sama da ƙasa ko dama da hagu, sai a ga ɗan mataki ko ɗan wuri a baje. A kashe inji, a riƙe fuli, a girgiza kan wuƙa a hankali. In yana motsi alhali fuli na tsaye, ga ɓarawon nan. Sau tari maganin bai wuce a ɗaure sukuru guda ba, amma kafin a gano shi an zagi kwamfuta, an sake manhaja, an kira mai gyara daga wani gari.

Abin da ya sa nake ganin wannan aiki bai kai wahalar da ake ba shi ba shi ne, inji yana ba da hanyar raba gardama, in mutum zai yi haƙuri ya bi. Kusan kowanne yana da maɓallin gwaji da ke yanka ɗan murabba'i da wata siffa a cikinsa ba tare da ya tambayi kwamfuta ba. In wannan ya fito da kyau amma aikin da aka turo ya lalace, a bar inji ya huta, a koma kan zane da wayar da ta haɗa shi da kwamfuta. In shi ma ya lalace, kwamfuta ta fita daga zargi. Sai a cire wuƙa a sa biro, a cire roba a sa takarda, wato a ɗaga garma a kora shanu haka nan a ga sawunsu. Biro ba shi da tazarar tsini, ba shi da zurfi, don haka a mayar da lambar tazara sifili kafin a gwada. In zanen biro ya fito daidai, shanu lafiyarsu lau, laifin na wuƙa ne ko mariƙi ko robar. In biro ma ya karkace, a duba bel da rola. Wata dabarar kuma ita ce a juya aikin a kwamfuta, tsaye ya koma kwance, a sake yankawa. Kuskuren da ya bi harafin ya juya tare da shi, sau tari a cikin zanen yake. Wanda ya tsaya a fuskar da yake, a jikin inji yake. Sharaɗin duka shi ne abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. Wanda ya canja wuƙa, ya ƙara nauyi, ya rage gudu, ya taɓa tazara, duk a zama ɗaya, ko aikin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, kuma ranar da ya dawo zai sake farawa daga farko.

Wani kuskuren babu ruwansa da ƙarfe ko roba. Haruffa sun fito tsaf, kusurwa kamar a yanke hannu, amma in aka sa tef sai a ga rubutun da aka zana mita guda ya fito da ƙari ko ragi. Yaren da yawancin injunan nan ke ji, HP-GL, kamfanin Hewlett-Packard ne ya ƙirƙiro shi don injunan zane na biro, kuma a cikinsa taki ɗaya milimita 0.025 ne, wato taki 40 a milimita, 1016 a inci. Wasu injunan kuma da taki 1000 a inci suke lissafi. In manhaja tana ƙirga da ɗaya inji yana ƙirga da ɗayan, bambancin kashi 1.6 cikin ɗari ne, kimanin milimita 16 a kowace mita. A allon da aka riga aka huda wa ramukan ƙusa, wannan ya isa ya sa rubutu ya hau kan rami. Alamarsa ita ce kuskuren yana girma daidai da girman aiki, kuma kullum iri ɗaya ne. A zaɓi sunan injin daidai a cikin manhaja, sannan a yanka dogon murabba'i a auna da rular ƙarfe; injuna masu kyau suna da wurin da ake rubuta musu abin da aka auna su gyara kansu.

Wuta da waya ba sai an daɗe a kansu ba. In inji yana cikin aiki ya ja wani dogon layi ya ratsa haruffa, ko ya tsaya cak, a duba wayar da ta haɗa shi da kwamfuta, a tabbatar yana da wayar ƙasa, a sa masa sitabilaiza in janareta ake amfani da shi. A busasshiyar iska irin ta hunturu, leda da roba suna tara wutar gogayya, kuma ita kaɗai tana iya rikita saƙo.

Sai ƙasar gonar kanta. Ba a huɗa busasshiyar ƙasa yadda ake huɗa wadda ta sha ruwa, kuma saitin da ya yi wa roba daidai a ɗaki mai ɗumi ba zai yi mata ba in an shigo da ita daga sito mai sanyin Vermont, ta sandare. A zafi kuma gam yakan yi laushi, roba ta dinga motsi a kan bayanta, ƙananan haruffa su tashi su manne wa wuƙa. A bar naɗi ya kwana a ɗakin da za a yanka shi. Roba kuma tana miƙewa, abin da sitika ba ta cika yi ba. Ana iya yanka ta daidai, a auna ta a kan bayanta a samu daidai, sannan wurin shimfiɗawa a dutse yaro ya ja gefe ɗaya don ya kori kumfar iska, layi ya ƙaru da milimita biyu ya ɗan lanƙwashe. Shi ya sa ake awo sau biyu, kafin a ɓare ta da bayan an manna. In na farko daidai ne na biyu ba daidai ba, inji ba shi da laifi.

Gaskiya dai, manomi gwani ba ya barin bakin garma a ƙasa wurin juyawa. Yana kishingiɗa ta ko ya ɗaga, a juya shanu, ya saita ta a bakin sabuwar kunya, sannan ya kafa. Akwai injunan da ke yin haka. A cikinsu wata ƙaramar mota ce ke juya wuƙar: in an zo kusurwa sai kan ya ɗaga, wuƙa ta fuskanci sabuwar hanya, ya sauka ya ci gaba. Summa na yin irinsu, kuma wasu injunan Graphtec masu wuƙa mai bin baya suna kwaikwayon wannan ɗagawa a kusurwa. Ga roba mai kauri da ƙananan haruffa, babu shakka sun fi. Sun fi tsada, sun fi jinkiri, kuma in aka ɗaura wuƙar ba a kan saitinta ba, tana yanka tana kallon gefe, kusurwoyi su fito a gicciye. Wanda bai iya kula da mai arhar ba, mai tsadar ma za ta ba shi kunya.

Inda ake gane ko shago ya riƙe injinsa da kyau shi ne aikin da ake kai wa maƙabarta. A Amurka mata da miji sukan sayi dutse ɗaya, a rubuta sunayensu biyu da shekarun haihuwa, a bar gurbin shekarar rasuwar wanda ke raye. Bayan shekara goma ko ashirin sai a kira mai rubutu. Yakan je ya ɗora takarda a kan tsohon rubutun ya goga don ya ɗauko siffarsa da girmansa, ya koma shago ya yanka lambobi huɗu kacal, ya ɗauko kwamfuresa a mota ya fesa su a wurin. Lambobin nan dole su zauna kusa da waɗanda wani inji, wataƙila ma wani hannu, ya yanka tun da daɗewa: tsawo ɗaya, kaurin layi ɗaya, kusurwa iri ɗaya. In suka saɓa, gyaran shi ne a tumɓuke dutsen a kai shi masana'anta, a kankare fuskarsa duka har ƙasan rubutun, a sake gogewa, a sake rubuta sunayen biyu daga farko, kuma shagon da ya yi kuskuren ne ke biya.